Rasuwar Karsana, Jar Jitar Gidan Maishanu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta gama yarda da abin da ido ya gani ba, Abdulgaffar ɗan marigayi Alhaji Maishanu na unguwar Zongo a Kwatano yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki, da 'yan orkes, wato ƙungiyar makaɗan da suka sha yawon biki tare, da maƙwabtan da suka daɗe suna fatan wannan rana a ɓoye, cewa jitarsa mai lantarki, wadda kowa ya sani da suna Karsana, ta cika. Ta cika ne ranar Talatar da ta wuce, da rana tsaka, a tsakar gida, bayan doguwar jinya. Wuyanta ne ya karye, daga daidai inda kai ya haɗu da shi.

Maƙwabta su yi haƙuri da abin da aka faɗa a kansu. Mai makokin ne ya ce a rubuta haka, ba a kuwa so a yi gardama da shi a halin da yake ciki.

Babu wanda ya san shekarun marigayiya. Ta jirgin ruwa ta shigo ƙasar nan, cikin kwancen kayan Turai, a tsakanin tsohon firji da keken yara, sunan waɗanda suka ƙera ta ya riga ya goge daga goshinta. Ta zo da tabo a bayan wuya, alamar ta taɓa karyewa a can, wani bawan Allah a wata ƙasa mai sanyi ya manne ta da gam, ya shafe wurin da fenti. Abdulgaffar yana saurayi a lokacin, aikinsa sauke wa mahaifinsa shanu daga kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya. Ya gan ta a rataye a wani butik, ɗan shagon kayan kwance, kusa da kasuwar Saint-Michel, ya tsaya kallo har mai butik ya tambaye shi ko lafiya. Bai sake yin barci mai daɗi ba sai ranar da ya ɗauko ta a kan zemijan, babur ɗin haya, ya rungume ta a gaba, yana yi wa mai babur faɗa a kan kowane rami.

Alhaji Maishanu, Allah ya jiƙansa, mutum ne da ba ya kallon komai sai da idon mai sayen dabba. Ya zagaya ta, ya duba jan jikinta, ya shafa ƙahonni biyun da ke gefen wuyanta, ya ɗaga ya ji nauyi.

"Karsana ce," in ji shi. "Amma wadda ba ta haihuwa, ba ta nono, sai kuka. In na dawo daga masallaci na tarar da ita, tuwon dare da ita za a dafa."

Ko da ya dawo, babu ita babu alamarta. Shi kansa Abdulgaffar bai san inda ta shiga ba, ya kwana yana kuka kamar ƙaramin yaro. Sai da Alhaji ya yi tafiya arewa neman shanu, sannan Abdulgaffar ya wayi gari ya gan ta a jingine a ƙofar ɗakinsa, an naɗe ta cikin tsohon zane. Bai san wanda ya yi masa wannan alheri ba. Sunan dai ya bi ta har ƙarshen rayuwarta.

Duk wanda ya zauna da Karsana zai yi mata shaidar haƙuri. Iskar teku mai gishiri ta ci ƙarafanta, ba ta yi ƙorafi ba. Ta taɓa faɗowa daga babur a Vêdoko, ta mirgina har bakin kwata, da aka ɗago ta aka murɗa kunnuwanta shida da ake saita murya da su, sai ta ci gaba da waƙa kamar ba ita ba. A wani biki a Avotrou ruwan sama ya tsuge, ruwan tafki ya hauro har ƙarƙashin kujeru, amarya ta gudu, masu ganga sun gudu, ita kuwa tana kan tebur tana ta tirin-tirin sai da aka kashe janareta. Ba ta da ƙabilanci. Ta yi wa Hausawa kiɗa, ta yi wa Dendawa da Yarbawa da Fon, kowa kuma ya tafi yana cewa da harshensu take magana. In an ɗauke wuta ba ta yin fushi, sai ta koma raɗa, wanda ke riƙe da ita kaɗai ke ji. Da an kira salla a masallacin unguwa kuwa, ko a tsakiyar waƙa take, tsit take yi.

Ba za a ce ba ta da laifi ba, don gaskiya ta fi kyau a ranar mutuwa. Tana da wani gunaguni, zzzzz, da take yi duk lokacin da firjin Munirat matar Abdulgaffar ya tashi. Kuma in ka taɓa ta ba takalmi a kan jiƙaƙƙen siminti, takan ɗan ja ka, ba don mugunta ba, don dai ka san da babba kake. Duk wanda ta taɓa ja, iyali na roƙon ya yafe mata.

Amma ba don bukukuwa Abdulgaffar ke kuka ba, kuma ya ce a faɗi wannan a fili, don masu cewa katako ne kawai su ji.

Mahaifiyarsa, Inna Saoudatou, tana nan da rai a gidan. 'Yar wani ƙauye ce kusa da Dogondutsi, aure ya kawo ta bakin teku tun tana yarinya. Abdulgaffar shi ne ɗanta na fari, Inna kuwa mace ce mai riƙon kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba. In tana nemansa, sai ta ce a kira mata wancan. In ya yi abin kirki, ta kau da kai. In ba shi da lafiya, ta dafa kunu ta ba ƙannensa su kai masa, ita ta tsaya a bayan labule. Ya san al'ada ce, kowa ya gaya masa al'ada ce, ya kuma yarda. Sai dai ya girma, ya yi aure, gemu ya fara fari, bai san yadda sunansa yake a bakin uwarsa ba.

Daga baya mantuwa ta kama Inna. Ta fara da manta inda ta ajiye carbi, ta koma manta ko ta ci abinci, har ta kai tana gaishe da Munirat kamar baƙuwa. Wata safiya Abdulgaffar ya durƙusa ya gaishe ta, ta dube shi da ladabi ta tambaye shi daga wane gida yake. Likita ya rubuta magani, ya ce a yi ta haƙuri. Daga nan magana ta yi ta raguwa. Sai ta wuni a kan tabarma, hannu a cinya, tana kallon bango.

Ana cikin haka ne Karsana ta yi aikin da za a riƙa tunawa da ita. Wata la'asar Abdulgaffar na zaune a tsakar gida da ita a cinya, ba kiɗa yake yi ba, zaman rashin abin yi ne. Kusa da shi akwai wata ƙaramar kwalbar maganin Inna da ta ƙare. Ya zura ɗan yatsa a ciki, ya ɗora kwalbar a kan tsirkiya, ya ja ta sama a hankali. Karsana ta ce wiiiyooo, wata murya mai santsi da ba ta taɓa yi ba, mai hawa da sauka ba tare da tsalle ba, kamar mutum na kuka cikin waƙa.

Inna ta ɗago kai.

"Mai goge," ta ce, "yaushe ka zo?"

A garinsu da goge ake biki, da shi aka kawo ta ɗaki. An sha kunna mata kiɗan goge a waya, ko kallo ba ta yi, don waya ba ta jiran mai waƙa, gaba kawai take yi. Ita kuwa Karsana tana jira. Inna ta ɗauko wata tsohuwar waƙar 'yan matan ƙauyensu da muryar da ta dushe, kwalba ta bi ta a baya, inda ta tsaya ta tsaya, inda ta hau ta hau. Munirat ta fito daga madafa da ludayi a hannu ta kasa komawa.

Matsalar ita ce tsirkiyoyin. Sirara ne, irin na kiɗan biki, masu laushi don yatsu su yi gudu. Da kwalba ta ɗan danna su sai su kwanta a kan ƙananan ƙarafan da ke jere a wuya, murya ta koma kar-kar-kar. Duk lokacin da haka ta faru sai Inna ta ɓata fuska.

"Mai goge, yau hannunka ba daɗi," ta kan ce, ta juya ta koma kallon bangonta, shi ke nan an rasa ta sai wata rana.

Rafiou, abokin kiɗansa a orkes, shi ya ce magani ɗaya ne: a sa mata tsirkiya masu kauri, waɗanda za su tsaya tsaf su ɗauki nauyin kwalba. Aka nemo su, manya, ta saman kamar igiyar birkin babur. Aka kai marigayiya wurin Badarou, mai gyaran rediyo da ampili, akwatin ƙara sauti, a bayan Saint-Michel, wanda shi ne likitanta tun fil azal. Ya faɗaɗa 'yan ramukan da tsirkiya ke bi, ya sa makulli zai ɗaure sandar ƙarfen da ke cikin wuya, wadda ke hana shi lanƙwasa, ya tarar tsatsa ta riga ta cinye ta, ko motsi ba ta yi. Ya juya ta ya daɗe yana kallon tsohon tabon nan.

"Malam Gaffar, tsohuwa ce fa," in ji shi. "Waɗannan wayoyin jan da za su yi mata ba wasa ba ne. Zan sa, tunda ka ce don Inna ne. Amma in ka gama kiɗa ka sassauta su, kada ta kwana a ɗaure. Kuma ka raba ta da zafi, gam ɗin nan ya girme ni."

Ranar da Karsana ta dawo gida da sababbin tsirkiya, wanda bai ji ta ba bai san ta ba. Muryar ta cika, ta yi kauri, ta yi tsawo. Ka ja kwalba sau ɗaya, sauti ya tsaya a iska yana rawa, wooooon, ya ƙi mutuwa. Inna ta gyara zama, ta gyara ɗankwali, ta yi waƙa har uku. Da ta gaji sai ta hau hira, kamar yadda ake yi da baƙon da ya zo daga gida.

"Kai da kake yawo gari-gari," ta ce, "ka taɓa zuwa Kwatano? Ina da ɗa a can. Abdulgaffar sunansa."

Kwalba ta zame daga kan tsirkiya. Ya yi sauri ya mayar da ita, don ya lura in kiɗa ya tsaya hirar ma tsayawa take yi. Mantuwa ta kwashe kunyar tare da sauran kayan. Ga shi zaune gaban uwarsa, hawaye na sauka a kan jan fenti, tana ta faɗin sunansa ga wani mutum da ba ta sani ba.

"Shi ma yana kiɗa," ta ce. "Wani jan abu ne da shi. Ubansa ya so ya ƙona, ni na ɓoye a ƙarƙashin gadona, bayan tasoshi. Ai na iya ɓoyo. Ranar bikin 'yar maƙwabta na tsaya bayan rumfa na saurare shi har aka tashi. Abdulgaffar. Hannunsa da zaƙi, ya fi ka ma, kada ka ji haushi. Ban taɓa gaya masa ba. Na fari ne, ba a faɗa."

"Ban ji haushi ba, Inna," in ji shi.

Tun daga ranar bai da wani buri a duniya sai wannan zama. Wani lokaci labari ɗaya take maimaitawa, wani lokaci sabo: yadda ya yi ƙyanda yana jariri ta kwana tsaye, yadda take ware masa tsoka mafi kyau ta ce wa ƙannensa rabo ne ya faɗa a kansa. Bai damu da maimaici ba. Sunan yake jira, yana kuwa zuwa.

A farko ya bi umarnin Badarou, yana gama kiɗa ya sassauta. Sai dai Inna ba ta da lokaci. Takan farka daga gyangyaɗi ta ce ina mai goge, da hantsi ko bayan azahar, in kuwa ya tsaya murɗa kunnuwa shida yana saita murya, kafin ya gama ta riga ta koma inda take tafiya. Sau biyu ko uku haka ta faru, ya zauna da jita a shirye, uwa na kallon bango. Daga nan ya daina sassautawa. Ya bar Karsana a ɗaure dare da rana, a jingine kusa da ƙofar Inna, ampili a haɗe. Ya san abin da yake yi mata. Yakan shafa wuyanta in zai wuce, ya ce ta yi haƙuri.

Nan jinya ta fara. Wuya ya soma lanƙwasa kaɗan-kaɗan, tsirkiya suka yi ta nisa da katako, har ya kai yatsa ba ya iya danna su. Kiɗan biki ya gagara, Abdulgaffar ya sallami orkes, ya koma kara wurin shanu gaba ɗaya. Abin tausayin shi ne, duk yadda wuyan ya ƙara lanƙwasa, haka muryar kwalba ke ƙara tsabta, don babu sauran ƙarfen da take gogawa. Marigayiya ba ta taɓa yin daɗi kamar a watannin ciwonta ba. Da dare akan ji ta tana ɗan ƙara ita kaɗai, ƙis, ƙis, katako na amsa ja. Munirat ta ce masa ta ji. Ya ce shi ma ya ji.

Sai damina ta zo da ruwa ba ƙaƙƙautawa, komai na gidan ya yi laima, har ashana ta ƙi kamawa. Wata la'asar Inna ta tsaya a tsakiyar waƙa ta karkata kunne.

"Gogenka ya sha sanyi," ta ce. "Ba ka kai shi rana ne? Masu gogen garinmu ba sa kiɗa sai sun gasa fata."

Gaskiya ta faɗa. Goge ƙwarya ce da aka rufe da fata, in ta yi sanyi takan saki, sai an kai ta rana ko kusa da wuta ta ɗaure, murya ta tashi. Abdulgaffar ya yi dariya ya ce to Inna, zai kai. Bai sake tunawa da maganar ba. Ita da ke manta ko ta ci abinci, ita ce ta riƙe.

Ranar Talata rana ta fito da zafinta duka, kamar tana rama kwanakin da aka hana ta. Abdulgaffar yana kara, kamiyo ya iso daga arewa. Munirat ta ga Inna na barci, ta leƙa maƙwabta kai niƙa. Inna, wadda ta daɗe ba ta ɗaga abin da ya fi kofi nauyi ba, ta tashi, ta zare waya daga jikin Karsana, ta jawo ta har tsakar gida. Ta kwantar da ita a kan fallen kwanon da Munirat ke shanya barkono, fuska sama, ta gyara mata kwanciya da kyau. Sannan ta ɗauko kujera ta zauna a inuwa da 'yar sanda, tana korar kaji kada su taka wa baƙo kayansa.

Layin niƙa ya yi tsawo. Kwano ya ɗauki zafi, tsohon gam ya yi laushi, tsirkiya shida masu kauri suna ja kamar yadda suka saba. Munirat na shigowa da roba a ka ta ji kalaman ƙarshe na marigayiya. Da fari tas! Sai dukan tsirkiyoyin suka yi magana tare, gwarrram. Sai ƙaramar cikinsu ta ɗan ja ita kaɗai, niiiin, ta yi shiru. Kan ya faɗa gefe, yana lilo a jikin wayoyi. Munirat ta saki robar ta saka salati.

Da Abdulgaffar ya iso, Inna na nan a kujerarta da sanda.

"Na kai maka shi rana," ta ce, tana murmushi. "Ko kaza ɗaya ban bari ta hau ba."

Ya durƙusa ya taɓa katakon, zafi ya sa ya janye hannu. Ya daɗe a durƙushe.

"Na gode, Inna," in ji shi. "Allah ya saka da alheri."

An faɗi wannan duka ne don kada wani ya zo gaisuwa ya hau tambayar yadda aka yi a gabanta. In ana neman wanda za a ɗora wa, Abdulgaffar ya ce shi ya sa tsirkiyar, shi ya ƙi sassautawa, kuma da za a dawo da ranar da ya sa su, zai sake sawa.

An garzaya da ita wurin Badarou a ranar. Ya duba, ya ga katakon ya tsage ya wuce tsohon tabo, ya rugurguje ta ciki. Ya ce ko an manne, ado ne kawai na bango, sirara ma ba za ta ɗauka ba balle masu kauri. Ya cire hularsa ya ajiye a kan tebur. Rafiou ya kawo aron tasa jitar, amma da sharaɗin ba za a canja mata tsirkiya ba, babu kuwa wanda ya ga laifinsa. Abdulgaffar ya zauna gaban Inna ya ja kwalba a kanta. Ta saurara kaɗan, ta kaɗa hannu kusa da kunne, ta ce a kori sauron nan.

Kowa na cewa za a sami wata. Abdulgaffar ya sani, ana kan nema. Abin da bai sani ba shi ne ko Inna za ta jira. Washegarin rasuwar ta tambayi mai goge tun da safe, aka ce ya je kasuwa. Kwana na gaba ta tambaya sau ɗaya, aka ce yana hanya. Daga nan ba ta sake tambaya ba. Wannan shirun ne ke hana Abdulgaffar cin abinci, don tun ranar Talata babu wanda ya kira sunansa da wannan murya.

Marigayiya ta rasu ta bar ampili, abokin zamanta na shekara da shekaru, wanda yanzu in an kunna shi sai huci kawai yake yi. Ta bar igiyar rataya da ta sha gumi, da jakar da zip ɗinta ya mutu tun kafin ita. Ta bar tsirkiya shida masu kauri, waɗanda iyali ba su riƙe su da komai a zuci ba, aikin da aka sa su suka yi. Ta bar tsofaffin siraran, da Munirat ke yanka sabulu da ɗaya daga ciki. Ta bar ƙaramar kwalba, marainiya, har yanzu da takardar farmasi a jikinta, tana cikin aljihun mai gidan duk inda ya je. Ta kuma bar Munirat, wadda ta yi shekaru tana cewa gunaguninta na sa mata ciwon kai, ga shi ita ce aka kasa rarrashi.

Game da jana'iza, an tuntuɓi liman. Ya ce shi dai bai taɓa jin an yi wa katako salla ba, kuma ba da shi za a fara ba. Da aka ba shi labarin duka sai ya ce a haɗu a yi wa tsohuwa addu'a, wannan kam zai zo. Saboda haka ranar Juma'a mai zuwa bayan la'asar za a ɗauki marigayiya daga gidan Maishanu a Zongo, a naɗe, a kan zemijan, zuwa shagon Badarou, inda za a rataye ta a bango tare da sauran magabata. Rafiou ne zai riƙe ta a hanya, don mai ita ya ce ba zai iya ba. An roƙi mai babur ya bi ramuka a hankali. Kunnuwanta shida an yi sadaka da su ga duk jitar da ke bukata. Ba za a ƙona ko tsinke ɗaya daga jikinta ba. Za a raba koko da ƙosai a ƙofar gida, ba kiɗa, ba lasifika. Duk wanda ya san inda wata jita mai ƙarfin wuya take, a Kwatano ko Porto-Novo ko Parakou, wadda mai ita zai yarda a ɗaure ta da masu kauri, don Allah kada ya jira ranar Juma'a, ya zo yau.

Akwai canji ɗaya game da wurin karɓar gaisuwa. Da an shirya yi a rumfar ƙofar gida, an ma fara. Jiya da hantsi Inna ta ji hayaniya, ta yafa mayafi ta fito, ta ga mutane a jere a kan tabarmi, ta gane zaman makoki ne. Ta duba fuskoki, ta zaɓi wanda idonsa ya fi ja, ta je ta tsuguna a gabansa.

"Bawan Allah, rashi aka yi maka?"

"E, Inna."

"Allah ya ba ka haƙuri. Na gani a fuskarka, na kusa ne." Ta ƙara matsowa kusa da shi. "Kana da uwa?"

"Ina da ita."

"Tana da rai?"

"Tana da rai."

"To me kake yi a nan cikin mutane? Tashi ka je wurinta. Ko ba ta ce maka komai ba, ka zauna kusa da ita."

Ta miƙe, Munirat ta kama hannunta ta mayar da ita ciki. Babu wanda ya iya ɗaga kai a rumfar.

Don haka daga yau har a share makoki, masu zuwa gaisuwa su wuce rumfa, su shigo tsakar gida a hankali, su rage murya. Za su tarar da Abdulgaffar a kan tabarma, a bakin ƙofar ɗakin Inna, inda ta ce ya je.